Ƙari a fatar goɗiyata, da watannin da muka yi a kan homiyofati

Goɗiyata tana da shekara bakwai abubuwa biyu suka taso mata kusan lokaci guda, ɗaya a fata, ɗaya a hali. A gefen wuyanta wani fili ya fito, gashin wurin ya zube, fatar ta yi kaushi ta koma toka-toka. A cikin cinya kuma wani ɗan tsiro busasshe ya leƙo. Na ukun shi ne wani ƙullutu mai tauri a bayan hammatar hagu, daidai inda majayi ke bi. Ta fuskar hali kuwa, dabbar da ko yaro kan ɗaura wa sirdi ta koma da ta hango shi a hannun mutum sai ta kwantar da kunnuwa, ta hau kaɗa wutsiya, ta waiwayo za ta kai cizo. In an hau ta, tafiya dai tana yi, amma ka nemi sukuwa sai ta ƙage baya ta shiga tutsu.

Dattijon da ke kula da bargar, wanda ya fara riƙe ragama tun ba a haife ni ba, ya ce na wuyan ya yi kama da makero, amma na hammatar bai kwanta masa a rai ba. Muka kira likitan dabbobi.

Likitan bai yi saurin magana ba. Ya shafa kowane ɗaya da safar hannu, ya kama ƙullutun hammata ya motsa shi ya ga ko yana zamewa a ƙarƙashin fata ko ya manne da ita, ya ɗaga wutsiya ya duba, ya buɗe fatar idanu, ya leƙa cikin kunnuwa da matsematsi. Sannan ya ce duk ukun abu ɗaya ne a kama daban-daban, sunansa sarkoyid, kuma shi ne ƙarin fata da ya fi kowanne yawa a dawakai da jakuna da alfadarai. Wani masani mai suna Jackson ne ya raɗa masa wannan suna a Afirka ta Kudu a 1936. Ana samun sawun wata ƙwayar bairos ta shanu a cikin yawancinsu, irin wadda ke sa wa shanu tsiro a fata, ana kuma zargin ƙudaje da kai ta duk inda fata ta ƙuje. Wasu zuri'o'in dawakai sun fi wasu saurin kamuwa.

Na tambaye shi abin da kowa zai fara tambaya. "Likita, kansa ce?"

"Malam, ba ya tafiya hanta ko huhu, in wannan kake tsoro. Amma a inda yake, mugu ne. Abin da idonka ke gani a sama ba shi ne iyakarsa ba, yana da saiwoyi a cikin fata, kamar ciyawar da in ka sare kanta ka bar saiwar sai ta dawo ta fi da yawa."

Ya ce Farfesa Derek Knottenbelt na Jami'ar Liverpool ya kasa shi gida shida. Na wuyan shi ne shimfiɗaɗɗe, wanda ake yawan ɗauka makero ne ko gogar ragama. Na cinyar shi ne mai kaushi. Na hammatar shi ne dunƙulalle, kuma in aka dame shi yana iya rikiɗa ya zama mai jan nama da ke tsiyayar ruwa da jini. Sauran biyun su ne gauraye da kuma wanda ke yaɗuwa a ƙarƙashin fata ta hanyoyin ruwan jiki, wanda ba a cika gani ba. Saboda wannan rikiɗar ne ya ƙi yankar ɗan yanki ya kai a auna. Ya ce yanka kaɗan yana iya tayar da shi, don haka sai ranar da za a cire shi gaba ɗaya za a aika da shi ɗakin gwaji.

Dalilin ɗaga wutsiya da leƙa ido ma ya faɗa mini, kuma yana da kyau mai doki ya san shi. Ba kowane ƙullutu ne sarkoyid ba. Dawakai masu furfurar gashi, waɗanda ake haifa da duhu su yi ta haske da shekaru, suna yin baƙin ƙari a ƙarƙashin wutsiya, har an ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 15 suna da shi. Akwai kuma kansar da ke kama fata marar launi a gefen ido da al'aura, ita kam tana yaɗuwa in an yi sakaci. Sai ƙananan tsiro da ke fitowa a hancin duƙushi, waɗanda ke zubewa da kansu cikin 'yan watanni ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanda bai san wanne yake fama da shi ba, bai san abin da jinkiri zai jawo masa ba.

Shawararsa ita ce a cire na hammatar da leza, wato na'urar da ke yanka da ƙarfin haske, a bar sauran biyun ana sa musu ido. Da na ce me zai hana a kwashe duka a huta, sai ya yi dariya ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bai kuma ɓoye mini ba cewa ko an cire, yana iya dawowa.

Wannan "yana iya dawowa" ita ce ta tsaya mini. A daidai lokacin wani abokina mai dawakai ya ba ni labarin wata mata da ke yi wa dabbobi magani ta hanyar homiyofati, wato ba da maganin da aka sirka da ruwa ƙwarai da gaske, ya ce ba yanka, ba ƙuna, kuma tana haɗa fata da hali ta yi musu magani tare. Maganar haɗawar nan ce ta ja ni, domin ni ma a raina ina jin abubuwan biyu suna da alaƙa.

Ban yi a ɓoye ba. Na koma wa likita na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, ya ce shi dai bai san wata hujja da ta nuna yana aiki ba, amma dabba tawa ce, kuma ƙullutun bai kai matsayin gaggawa ba tukuna. Sai ya gindaya sharuɗɗa. Kada a shafa komai a kansu, kada a tsokale su, kada majayi ya sake taɓa wurin, wato hawa ya tsaya ke nan. A kare su daga ƙudaje. Duk mako in ɗauki hoton kowanne da waya, da rula a jikinsa, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya. In na hammatar ya fashe, ko ya yi jini, ko rula ta nuna yana girma, a nan gwaji ya ƙare, in kira shi. Na amince, na kuma rubuta sharuɗɗan a shafin farko na littafin da na ware.

Zaman farko da matar ya ɗauki lokaci mai tsawo, kuma zan faɗi gaskiya, na ji daɗinsa. Ba a taɓa yi mini tambayoyi a kan dabbata haka ba. Tana son rana ko inuwa? Ruwa tana kwankwaɗa ne ko tana kurɓa kaɗan-kaɗan? A cikin sauran dawakai ita ke kora ko ita ake kora? Tana tsoron tsawa? An taɓa raba ta da wata abokiyar zama? Da safe fushin ya fi ko da yamma? Ta tsaya ta daɗe tana kallon goɗiyar tana cin ciyawa ba ta ce komai ba. Wasu tambayoyin ban san amsarsu ba sai da na waiwayi dattijon, shi kuwa yana amsawa ba tare da ya yi tunani ba.

Wuri ɗaya muka saɓa tun ranar. Ta ce a fahimtarsu allurar rigakafi tana cikin abubuwan da ke tayar da irin wannan tsiro, don haka gara a ɗaga ta tetanos, wato sarƙe-haƙora, wadda lokacinta ya kusa. Na ce mata, "Malama, wannan kam a'a." Doki yana cikin dabbobin da tetanos ya fi yi wa kisan gilla, ga shi kuma muna da ƙullutun da ke iya zama buɗaɗɗen ciwo kowane lokaci. Ba ta ja ba, aka yi allurar a kan lokaci. Daga baya na ji cewa a Ingila doka ba ta yarda wanda ba likitan dabbobi ba ya duba dabbar wani ya rubuta mata magani, ko da na homiyofati ne, na kuwa gane dalili.

Ta rubuta Thuja 30C domin fata, da Nux vomica domin saurin fushi. Ƙananan ƙwayoyi ne farare a cikin 'yar kwalba, na ɗanɗana ɗaya na ji sukari ne. Ƙa'idar ita ce kada hannu ya taɓa su, a juye su a murfi, a narkar a ɗan ruwa mai tsabta, a zuƙa da sirinji marar allura a tsiyaya mata a baki, nesa da lokacin cin abinci. Goɗiyar ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya taɓa ɗura wa doki maganin tsutsa ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Da yake ni ne ke ba ta kullum, sai na nemi sanin me ke cikin kwalbar. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, wanda ya rayu daga 1755 zuwa 1843, shi ya kafa wannan hanya, ya fara bayyana ta a 1796. Tushenta shi ne abin da ke haifar da wasu alamu a jikin mai lafiya, shi zai warkar da mai irin alamun in an ba shi kaɗan. Thuja bishiya ce ta Arewacin Amurka, kuma tun zamaninsa suke ba da ita domin tsiron fata. Harafin C ɗin nan yana nufin a ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan ganyen a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi, a ɗauki ɗigo ɗaya daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, haka har sau 30. A mataki na 12 an riga an kai kashi ɗaya cikin lamba 1 mai sifili 24 a bayanta, kuma daga nan lissafin kimiyya ya nuna da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta ganyen a ciki. A mataki na 30 sifilin ya kai 60. Masu wannan hanya ba su musa lissafin ba, cewa suke yi girgizar tana bar wa ruwan wani tasiri, kuma a wurinsu yawan sirkawa ƙarin ƙarfi ne. Na karanta wannan na ajiye, na ci gaba da ba ta, domin na yi alkawarin zan bi hanyar yadda masu ita suka ce, rula ta raba gardama.

Dole a yi wa Hahnemann adalci a abu guda. A zamaninsa likitoci zubar da jinin marar lafiya suke yi, suna ɗura masa sinadarin makuri. Wanda aka ba sukari aka ce ya kwanta ya huta, ba mamaki ya riga maƙwabcinsa tashi.

Cikin makonnin farko halinta ya yi laushi ƙwarai. Ta daina kwantar da kunne in na shigo, ta koma miƙo hanci tana shinshina aljihuna, cizo ya ɓace. Na kira matar cike da murna, ta ce alama ce maganin ya dace da ɗabi'ar goɗiyar. Da na kai wa dattijon wannan albishir yana cikin sharar barga, bai ko ɗago ba.

"Maigida, yaushe rabon da a ɗaura mata sirdi?"

"Tun ranar da likita ya zo, Baba."

"To. Hatsin ma ai na rage mata tunda ba ta aiki, wuni take a waje tana kiwo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya daina tsami banza."

Ya shiga ɗakin kaya ya fito da sirdin a kafaɗa, bai ko matsa kusa da ita ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Nan take kunnuwa suka kwanta, wutsiya ta fara aiki, ta ja da baya ta manne da bango. Ya mayar da sirdin, cikin ɗan lokaci ta dawo tana cin ciyawarta. Ashe abubuwa huɗu muka canza a lokaci guda: mun daina murza ƙullutun da majayi, mun rage hatsi, mun ƙara mata kiwo, mun kuma fara ƙwayoyin. Ni kuwa na ƙarshen kaɗai nake kallo, domin shi ne nake riƙewa a hannuna kowace safiya.

Fata ta ɗauki hanyoyi uku. Na cinyar bai motsa ba, hoton farko da na ƙarshe ba ka iya bambanta su. Na wuyan ya fara ja da baya daga gefe, ƙananan gashi suka tsiro, bayan 'yan watanni sai ka lalube shi da yatsa kafin ka gane inda yake. Na hammatar kuma a ido kamar yana nan yadda yake, har akwai safiyar da na rantse ya ragu. Da na jera hotuna sai rula ta ƙaryata ni. Daga kimanin santimita biyu ya doshi uku, fatar samansa ta yi sheƙi ta yi siriri.

Matar ta canza magani, ta koma Causticum, daga baya ta ce a gwada Silicea. Ana cikin haka wata safiya na tarar saman ƙullutun ya tsage, jan nama ya leƙo, ruwa-ruwa na gangarowa a gashi, ƙudaje sun yi dandazo. Na aika mata hoto. Amsarta ta zo da sauri kuma da kwanciyar hankali: wannan abin da suke tsammani ne, ciwo yakan ɗan tsananta kafin ya warke, jiki ne ke turo cutar daga ciki zuwa waje. Ta ce tunda hali ya gyaru da farko sannan fata ta biyo baya, waraka tana bin tsarin da wani magabacinsu, Constantine Hering, ya bayyana. In ƙara haƙuri.

Na yarda da zuciya ɗaya take magana, ba ta neman cutata. Amma a nan ne na ga inda hanyar ta toshe mini. In ƙari ya ragu, magani ya yi aiki. In ya girma ya fashe, magani yana aiki. In ya tsaya cik, ba a dace da maganin da ya kamata ba, a sake wani. Na tambaye ta kai tsaye, "Malama, me zan gani a jikin goɗiyar nan da zai sa ki ce mini abin nan bai yi ba, in nemi wata hanya?" Ta yi bayani mai tsawo a kan yadda kowace dabba take da nata lokacin, amma ba ta ambaci alama ko ɗaya ba. Likita kuwa tun ranar farko ya ba ni alamu uku, biyu daga ciki suna gabana. Na kira shi.

Kafin ya taɓa hammatar sai da na nuna masa wuyan, domin ina son jin ta bakinsa. Ya shafa, ya ce madalla, ya tafi. Sai ya gaya mini wani bincike da aka buga a 2016, inda aka bi dawakai 61 na wata zuri'a ta ƙasar Siwizalan masu sarkoyid na tsawon shekara biyar zuwa bakwai, aka tarar a kusan rabinsu ya ɓace da kansa ba tare da an yi masa komai ba. Matasan dawakai ne, kuma yawanci masu irin mai sauƙin nan, wato irin na wuyan goɗiyata. Duk abin da mutum ke bayarwa a lokacin da irin wannan ya ga damar tafiya, shi zai sha yabo. Ya ƙara da cewa doki bai san an ba shi magani ba, amma mai dokin ya sani. A 2012 an yi wani gwaji a Amurka da karnuka masu ɗingishi, aka ba wasu maganin bogi, aka kuma auna takunsu da na'ura. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na lokutan masu karnukan sun ce sun ga sauƙi alhali na'ura ba ta ga komai ba, likitocin da suka duba su ma ba su tsira ba. Shi ya sa, in ji shi, bai yarda da idonsa ba balle nawa, ya ce a sa rula.

Hukumomi ma sun yi magana. Majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta fitar da rahoto a 2015 cewa ba ta sami wata cuta ko ɗaya da ke da tabbatacciyar hujjar homiyofati na maganinta ba. A 2017 hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi a Birtaniya ta ce hanyar ba ta da hujjar da aka amince da ita, kuma kada ta maye gurbin magani mai hujja ko ta jinkirta shi.

Aikin leza a tsaye aka yi mata. Allurar da ke sa ta gyangyaɗi, sai ta kashe zafi a kewayen wurin, kowa ya sa tabarau na kariya. Abin da ya ba ni tsoro shi ne faɗin da ya yanka, domin ya haɗa da lafiyayyar fata a zagaye saboda saiwoyin nan, kuma da yake ƙullutun ya girma, ramin ma ya fi wanda da za a yi tun farko. Ba a ɗinke ba, a buɗe ake barinsa ya ciko daga ƙasa. Makonnin farko ba kyan gani, ɓawo baƙi, kumburi, ruwa, ga yaƙi da ƙudaje safe da yamma. Sai da aka shiga wata na uku fata ta rufe, ta bar tabo marar gashi. Sakamakon ɗakin gwaji ya tabbatar sarkoyid ne, ya kuma fara rikiɗa zuwa mai jan naman.

Akwai wasu hanyoyin da ya lissafa mini ya ce kowacce da inda ta fi dacewa: wani ƙaƙƙarfan man shafawa da aka haɗa a Liverpool wanda likita kaɗai ke shafawa, allurar maganin kansa mai suna cisplatin a cikin ƙarin, wani lokaci tare da bugun lantarki, allurar BCG, wato ta rigakafin tarin fuka, ga na gefen ido, ɗaure mai siririn wuya da roba har ya bushe, da gashin radiyo a manyan asibitoci. Yawan hanyoyin, in ji shi, shaida ce babu wadda ke ci kullum. Ya kuma ja kunnena a kan mayukan da ake tallatawa da sunan na ganye ne. Wasunsu suna ɗauke da sinadarai masu cin nama, suna ƙone saman su bar ƙasan a fusace. Ko man Thuja na shafawa ba ɗaya yake da ƙwayoyin 30C ba, shi akwai ainihin ruwan ganyen a ciki, kuma yana iya fusata fata. Ƙwayoyin sukari dai ba su ƙone komai ba, lokaci kawai suka ci.

Na zaci da tabo ya warke magana ta ƙare. Da muka ɗora sirdi, ta fi da sauƙi nesa ba kusa ba, amma har yanzu tana tauna linzami da ƙarfi, tana ɗaure ciki, kuma in hannu ya bi ta bayan haƙarƙari sai fatar ta yi rawa. Likita ya ce in hau ya kalla. Yana riƙe da takarda mai jerin halaye 24 da wata likitar dawakai 'yar Ingila, Sue Dyson, ta tsara tare da abokan aikinta, irin su kwantar da kunne, buɗe baki, kaɗa wutsiya, karkatar da kai da ƙin sukuwa. In doki ya nuna takwas ko fiye, akwai yiwuwar ciwo a gaɓoɓi ko baya. Tawa ba ta kai takwas ba, ƙafafunta da bayanta kuma lafiya. Ya duba haƙora ya goge 'yan kaifin da ya samu. Ya sa aka duba zaman sirdin. Ya yi mata hoton ƙwan mahaifa, domin akwai wani ƙari da ke fitowa a can ya sa goɗiya ta ɗauki halin ingarma, ta yi ta faɗa da haniniya, kuma cire shi ne maganinsa. Nan ma babu komai.

Saura ciki. Aka hana ta abinci tun dare, da safe aka zura mata na'urar leƙa ciki mai tsawon mita uku ta hanci. Na tsaya a bayansa ina kallon allo, ga gyambo nan jere a sashen sama na tumbin, inda ba shi da kariya daga ruwan tsami. Tumbin doki ba ya daina fitar da wannan ruwa ko da abinci ko babu, shi ya sa dabbar da ke cin hatsi da yawa, tana daɗewa ba ciyawa a gabanta, tana kuma aiki da ciki wayam, take saurin kamuwa. Likita ya ce mai yiwuwa a lokacin da take aiki sun fi haka muni, hutun da kiwon ne suka rage su. Ya rubuta omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, miligiram 4 ga kowane kilo na nauyinta, kullum da safe kafin ta ci komai, na kwana 28. Da aka sake leƙawa sun rufe.

Ko bayan wannan sai da muka koya mata sirdi kamar sabuwa, domin doki yana riƙe abin da ya taɓa yi masa zafi. Dattijon ne ya yi wannan aikin, ni ɗan kallo ne. Ya fara da ɗora mata tsumma kawai ya sauke. Sai sirdi ba majayi. Sai majayi mai laushi da aka naɗe da fatar tunkiya, a sake-sake, ya zagaya da ita, ya ƙara huda ɗaya, ya sake zagayawa. In ta kwantar da kunne ba ya tsawa, komawa baya yake yi mataki ɗaya. Kafin kowane hawa kuma sai ta ci ɗan abin da zai tare mata ciki na ciyawa.

Matar ta kira ni daga baya tana tambayar lafiyar goɗiyar, na kuwa gaya mata duk yadda aka yi. Ta yi murna da na wuyan, ta ce za ta sa shi cikin waɗanda suka warke a hannunta. Na ce mata in za ta rubuta, ta rubuta ukun duka, da wanda ya tafi, da wanda ya tsaya, da wanda aka yanke, zan ma turo mata hotunan da rula a jiki. Ta ce in turo, na tura. Tambayoyinta na ranar farko kuwa har yanzu ina amfani da su, na mayar da su shafi a littafin barga, domin su ne suka sa na fara lura da yadda dabbar ke sha da ci da zama cikin 'yan'uwanta.

Na cinyar yana nan. Likita ya ce dokin da ya taɓa yin sarkoyid ana ɗaukarsa mai iya sake yi har ƙarshen rayuwarsa, don haka burushinta da tsummanta daban suke, duk ƙujewa ana wanke ta a rufe da wuri, lokacin ƙudaje kuma tana cikin riga da abin rufe fuska. Hoto yanzu wata-wata nake ɗauka, na cinyar da tabon hammata da wurin wuyan. Mun riga mun yi magana da shi cewa ranar da rula ta nuna na cinyar ya motsa, ko samansa ya canza kama, a makon za a cire shi tun yana ƙarami.